Darasin gona: mu san kashin yawo

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, darasinmu na yau a kan wani haki ne da ya mamaye bakin hanyoyi da makiyaya da gonakin gujiya, wato kashin yawo. Ba ɗan ƙasa ba ne. Asalinsa daga Amurka ta Kudu da ta Tsakiya yake. Masana tsirrai sun sa shi cikin dangi ɗaya da shuwaka da salati. Baƙo ne da ya zauna har ya fi mai gida ƙarfi.

Yadda za mu gane shi

1. Tsaye yake fitowa, tsawonsa daga santimita 30 zuwa 90.
2. Karansa yana da gashi, kuma kowane reshe yakan rabu biyu.
3. Ganyayensa biyu biyu ne, suna fuskantar juna.
4. Furensa ƙarami ne, ruwan ɗorawa, yana zaune a inda rassa suka rabu.
5. Ƴaƴansa sukan jeru kamar tauraro. Kowane ɗa yana da ƙayoyi masu ƙugiya, da wasu dogaye biyu kamar ƙaho.

Kada mu ɗauke shi tsaidau, domin tsaidau yaɗo yake a ƙasa. Ƙarangiya kuwa ciyawa ce mai dogon ganye, bisashe suna cinta tun tana ɗanya.

Ɓarnarsa

Yana shanye ruwa da takin da muka tanada domin shuka. Bisashe ba su son shi, don haka sai su cinye haki mai kyau, shi kuwa ya ci gaba da yaɗuwa. Awakin da yunwa ta sa suka ci shi da yawa suna iya kamuwa da ciwon hanta. Ƙayarsa tana maƙalewa a gashin tumaki da tufafi da buhuna, ta haka yake yawo daga gari zuwa gari.

Abin da za mu yi

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu tuge shi da saiwarsa a noman farko, kafin ya yi fure. Wanda ya riga ya yi ƴaƴa, mu tara shi mu ƙone, kada mu zuba shi cikin taki. Irinsa yakan jima cikin ƙasa, don haka mu maimaita aikin kowace damana, mu da maƙwabtan gonarmu.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin kashin yawo da tsaidau?
2. Don me ba a zuba shi cikin taki?