Amsar Tambaya: Gora da Ciyawar Ado a Tsakar Gida

Tambaya: Malam, ina so in shuka gora da ciyawar ado a farfajiyar gidana a Zariya, amma ana ce mini gora tana mamaye fili. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, ba kowace gora ce ke yin haka ba. Akwai mai yaɗo, wadda saiwarta ke tafiya ƙarƙashin ƙasa ta ɓullo har gidan maƙwabci. Wannan ka guje ta. Akwai kuma mai tsira a dunƙule wuri guda, kuma gorar dajinmu tana cikin wannan jinsi, ga ta da jure fari. Sai dai tana iya kai tsawon mita 10, don haka ka bar tazarar aƙalla mita 2 tsakaninta da katanga ko bututun ruwa.

Ta fannin ciyawa, jema ce zaɓina na farko: saiwarta tana nutsewa ƙasa, tana hana zaizaya, ba ta yaɗo. Gamba tana ƙawata gefen shinge idan ta fitar da kai, tsaure kuma ga ƙamshi. Tofa da kiri-kiri kuwa, in suka kama, fitar da su sai an sha wuya.

Ka dasa a watan Yuni, bayan damina ta zauna, ka zuba takin gargajiya. Da rani ka yanke busasshiyar ciyawa, ka share ganyen gora, saboda gobara da macizai. Kafin ka biya mai sayar da dashe, ka sa ya nuna maka saiwar gorar, don ka tabbatar ba mai yaɗo ba ce. Allah ya sa albarka.