Murar da Ba Ta Jin Magani: Darasi ga 'Yan Kasuwa da Iyalan Kalpohin

Daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu kan kwaso ƙura daga hamadar Chadi ta lulluɓe Tamale. A lokacin ne atishawa, ƙaiƙayin hanci da ido, da majina tsararo kamar ruwa kan addabi jama'a. Murar sanyi kan wuce cikin kwana 7 zuwa 10. Wannan kuwa takan yi makonni ba zazzaɓi, kuma ba a ɗaukarta daga wani. Jiki ne ke bore ga abin da aka shaƙa, shi ya sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya yi mata komai.

A kasuwa da kan hanya:
1. Ku yayyafa ruwa kafin share rumfa.
2. Masu auna masara da shinkafa a kasuwar Aboabo, da masu hawa babur, su sa takunkumi.
3. Ku nisanci hayaƙin ƙona daji da na bola.

A gida:
1. Ƙananan ƙwarin da ido ba ya gani suna zaune cikin katifa da matashi. Ku wanke zanen gado da ruwan zafi duk mako, ku shanya katifa a rana.
2. Ku goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kakkaɓewa.
3. Ku rufe abinci saboda kyankyasai, ku kankare fumfunar bango da damina.
4. Kada a kunna turaren wuta ko maganin sauro a ɗakin mai fama da ita.

Iyaye, idan numfashin yaro yana fito, ko tari na hana shi barci, wataƙila asma ce. Ku ɗauki katin NHIS ku kai shi asibiti a ranar.