Me Ya Sa Toka Ba Ta Komawa Itace?

Kowane yaro ya taɓa ganin an hura wuta a murhu. A kan jera ƙirare da guma-gumai, a ƙyasta ashana, kafin tuwo ya nuna itacen nan duk ya cinye, ba sauran kome sai 'yar toka. Mun saba da wannan har ba mu kula da shi. Amma me ya sa ba a taɓa ganin toka ta tattaru ta koma itace ba? Ko kun kwana kuna gadinta ba za ku ga haka ba.

Da fari sai mu san inda itacen ya tafi. In an auna damin busasshen itace, an ƙone shi ƙurmus, sa'an nan an auna tokar, za a tarar ba ta kai ko kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa ba. Ina sauran? Wani masani Bafaranshe, sunansa Labuwaziye, wanda ya wallafa babban littafinsa a 1789, shi ya warware wannan. Mutum ne mai yarda da sikeli fiye da zato. Ya riƙa gasa abubuwa cikin rufaffun kwalabe, yana auna su kafin wuta da bayan wuta, ya ga nauyin bai ragu ba, bai ƙaru ba. Ya kuma gane ƙuna ba kome ba ce illa haɗuwar abu da wata iska da a ke kira oksijin, wadda ita ce kashi ɗaya cikin biyar na iskar da mu ke shaƙa. Sa'ad da itace ya haɗu da oksijin, ya kan zama tururin ruwa da wata iska mai suna kabon dayoksaid, ya kuma saki zafi da haske. Ashe ba abin da ya hallaka. Itacen yana nan, sai dai ya watsu cikin sarari.

To, ku riƙe kalman nan, watsuwa, don ita ce kan maganarmu.

Ku sami ƙwarya, ku zuba tsabar gero a gefe guda, ta dawa a ɗaya gefen, ku rufe da faifai ku girgiza. In kun buɗe za ku ga sun gauraya. Ku sake girgizawa, sau ɗari in kun ga dama. Za ku ga geron ya ware ya koma gefensa? Faufau. Ba wai wani abu ya hana shi ba. Dalili shi ne, hanyoyin da tsaba za ta zauna a gauraye sun fi ƙirga, na zama a ware kuwa kaɗan ne ƙwarai, saboda haka duk girgizar da aka yi cikin gauraye ta ke faɗawa. Mai son raba su sai ya zauna ya tsince da hannu, ya sha wahala.

Haka al'amarin ya ke ga kome. Itace da ruwa da iska duk an gina su da waɗansu ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, kuma ba su daina motsi, kamar dai kullum ana girgiza su cikin ƙwarya. Shi ya sa ƙamshin turare ya kan cika ɗaki, amma bai taɓa komawa kwalba ba. Shi ya sa gishiri ya kan narke cikin miya. Zafi ma haka ya ke: a ajiye kunu mai zafi, zafinsa ya fita ya shiga iska har ya huce, amma kunun da ya huce bai taɓa jawo zafi daga iska ya tafasa ba. Wani Bajamushe mai suna Kilausiyus ya sami hanyar auna wannan watsuwa da lissafi, a 1865 ya raɗa mata suna entirofi, daga harshen Girka. Ya ce duk abin da ya auku, in an haɗa lissafin duniya gaba ɗaya, watsuwa ƙaruwa ta ke yi, ba ta raguwa. Bayansa wani masanin ƙasar Ostiriya, Bolzman, ya nuna asalin abin shi ne yawan hanyoyin nan da muka gani ga gero da dawa.

Watakila wani mai wayo cikinku zai ce, “Malam, in haka ne, don me itacen da ke jibge a bayan ɗaki bai kama wuta da kansa ba?” Madalla da wannan tambaya. Itacen kamar dutse ne a kan tudu wanda 'yar tsakuwa ta tokare. Gangarowa a gare shi ba wuya, amma sai an ɗan tura shi. Ashana ita ce turawar. Da ta kunna tsinke ɗaya, zafin da ya fita ya kan kunna na kusa da shi, har dami ya ƙare.

Akwai wani malami a jami'ar Yel ta Amurka, sunansa Gibs, mutum mai shiru, wanda tsakanin 1876 da 1878 ya rubuta yadda za a san ko abu zai sāke da kansa ko ba zai sāke ba. Rubutun nasa ya yi wuya har masana kaɗan ne suka fahimce shi da farko. Ga gundarinsa. Abu biyu a ke dubawa: ko sākewar za ta saki zafi, da kuma ko za ta ƙara watsa ƙwayoyin. In duka biyu sun yarda, kamar ƙunar itace, ba gardama. In sun saɓa, yawan zafin wurin shi ke raba gardama. Ku dubi ƙanƙara. In ta narke ƙwayoyinta sun sami sakewa, amma sai ta sha zafi kafin ta narke. Saboda haka in ma'aunin zafi ya hau bisa sifiri narkewa ta ke yi, in ya sauka ƙasa da sifiri ruwa ne ke daskarewa. Abin da ya rage bayan an daidaita waɗannan biyu shi ne rarar ƙarfi, watau ƙarfin da za a iya sa shi aiki, ya tura mota ko ya motsa jikin mutum. Abin da ke sakin rarar ƙarfi ya kan auku da kansa. Wanda ke bukatarta kuwa sai an biya.

Maƙera sun san wannan biya tun kafin a haifi Gibs. A bar fartanya a gona damina guda, za ta yi tsatsa ba wanda ya sa ta, don ƙarfe ya haɗu da oksijin. Tamar da a ke haƙowa daga ƙasa ita ma ƙarfe ce da ta riga ta yi irin wannan haɗuwa. Kafin a fid da ƙarfe daga cikinta sai an gina rahoniya, an loda gawayi mai yawa, an hura wuta mai tsanani sa'o'i da dama, gawayin ya ƙwace oksijin ɗin. Mutanen Nok sun yi wannan aiki a Taruga fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ƙarfe ya dawo, amma gawayi ya watsu a madadinsa, kuma watsuwar da aka yi ta fi tattarawar da aka samu. Firiji ma haka ne. Yana sanyaya ruwa, amma ku taɓa bayansa ku ji zafin da ya ke fitarwa, ga kuma kuɗin lantarki.

Yanzu mu koma ga tokarmu. Gaskiya ita kaɗai ba ta komawa itace. Amma a zuba ta a gona, ruwa ya sauka, iri ya tsiro. Saiwa ta sha ruwa da gishirin da ke cikin tokar, ganye ya kamo kabon dayoksaid daga iska, irin wadda wuta ta saki, ya haɗa su ya gina sabon itace, ya mai da oksijin sarari. Wannan tattarawa ce babba, to, wa ya biya? Rana. Ganye ba ya wannan aiki sai da haskenta, ita kuwa kullum tana watsa zafi da haske masu ɗimbin yawa, ɗan kaɗan daga ciki ganye ke tarewa. Zafin da ku ke ji a bakin murhu da sanyin hunturu, hasken rana ne da bishiya ta yi shekaru tana tarawa.

Ga abin da za ku gwada. Ku shuka wake cikin gwangwani biyu, ku ajiye ɗaya a tsakar gida, ɗaya cikin akwati mai duhu, ku riƙa ba su ruwa daidai wa daida. Bayan mako uku ku kawo su makaranta, ku gaya wa malaminku wanne ya yi kore ya yi ƙwari, wanne ya yi fari ya langaɓe, da dalilin haka.