Kafin ka biya kuɗin fawar rediyo, ka fara sauraren ta

Mutum zai yi wata da watanni yana tara kuɗi, ya sayi rediyon sadarwa na gajeren zango irin Icom IC-7300 ko Yaesu FT-891, ya hau rufi ya ɗaura eriya mai kyau. Da an zo kan akwatin da zai ba rediyon wuta, wanda mu masu gyara muke ce wa fawa, sai ya shiga kasuwa ya ɗauko wadda ta fi araha. Daga nan ne yawancin matsalolin da ake kawo mini teburin gyara suke farawa. Masu sha'awar wannan sadarwa a ƙasashenmu, masu lambar kira ta 5N a Najeriya da 5U a Nijar, ba mu da yawa, kayan kuma daga waje ake kawo su da tsadar gaske. Abin yana damuna in ga rediyo mai daraja ya ƙone, ko ya kurumce, saboda akwatin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗinsa ba.

Rediyo mai ƙarfin wat 100 yana buƙatar bolt 13.8, kuma masu ƙera shi sukan yarda wutar ta hau ko ta sauka da kashi 15 cikin ɗari, wato tsakanin 11.7 da 15.8. Lokacin saurare abin da yake ja kaɗan ne, amfiya ɗaya ko biyu. Da ka danna makirufo ka yi magana, sai ya zabura: IC-7300 yana kai amfiya 21, FT-891 yana kai 23, kuma jan yana hawa yana sauka tare da kowace gaɓar maganarka. Fawar da za ta ɗauki wannan ba ta girgiza ba, ita ake nema.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai ta gargajiya mai ƙatuwar taransifoma, irin Astron RS-35, wadda nauyinta ya kai kilo 12. Shiru gare ta a kan iska, amma tana zafi, tana cin wuta, kawo ta daga waje ma wani kuɗin ne. Akwai kuma ta zamani mara nauyi, suwicin, wadda za ka ɗaga da hannu ɗaya. Ita wannan tana karɓar wutar gida ta mayar da ita tsayayyiyar wuta mai kusan bolt 325, sannan ta riƙa yanka ta tana kunnawa da kashewa sau dubbai a kowace daƙiƙa, ta wuce da ita cikin 'yar ƙaramar taransifoma. Saurin yankan nan ne ya rage mata nauyi da zafi, kuma daga cikinsa ne hayaniyarta take fitowa.

Ka dubi tazarar da ke tsakanin abubuwan biyu. Siginar da allon rediyonka yake nunawa a matsayin S9, wadda muke ɗauka mai ƙarfi, kashi 50 ce kacal cikin miliyan na bolt ɗaya. Tashar da kake ƙoƙarin kamowa daga Japan ko Brazil ba ta ma kai haka ba. A gefenta kuma, a kan tebur ɗaya, ga akwati yana sarar bolt 325. Kowace sara tana haifar da 'ya'ya a mitoci na sama. Idan fawar tana aiki a kilohaz 50, za ka riƙa cin karo da wani gurnani mai kaushi duk bayan kilohaz 50 yayin da kake juya mita, ya fi tsanani a zangon mita 160 da 80 da 40, yana raguwa idan ka yi sama. Alamarsa ita ce ba ya zama wuri ɗaya. Yana tafiya a hankali yayin da fawar take ɗumi ko nauyin da ke kanta ya sauya, yanzu yana nan, an jima ya hau kan wanda kake magana da shi. Dattawanmu da suka saurari BBC Hausa da Muryar Amurka a gajeren zango sun san wannan ƙara, domin cajar waya mai araha da ƙwan lantarki na zamani ita suke yi. Da yawa sukan ɗauka tashar ce ta yi rauni, alhali abin yana cikin ɗakinsu.

Masu ƙera fawa ta kirki suna sa matattara a bakin shigar wuta da bakin fitarta, su rufe komai cikin akwatin ƙarfe. Waɗannan matattara su ne abu na farko da ake cirewa idan ana son rage farashi. Wani bawan Allah ya kawo mini rediyonsa yana cewa, "Malam, kunnensa ya mutu, ba na jin kowa a mita 40." Na haɗa shi da batir a shago, sai ga tashoshi tar. Na ce, "Alhaji, a aiko mini da fawar." Da ta iso, sai na ga irin mai ramukan nan ce da ake sayarwa don fitilun ado da kyamarorin tsaro, an rubuta bolt 12, amfiya 30. Na buɗe ta a gabansa. A kan allon akwai zanen wurin da ya kamata naɗin waya da kafasitocin tacewa su zauna, ramukansu ma suna nan, amma an tsallake su da guntuwar waya. Fitila ba ruwanta da hayaniya, shi ya sa fawar take yi mata aiki lafiya. Rediyo kuwa aikinsa ke nan, jin abin da ya fi wannan ƙanƙanta.

Saboda haka gwajin da nake ba kowa shawara na kunne ne, kuma ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Ka haɗa rediyo da batirin mota, ka zagaya mita 80 da 40 ka ji yadda iska take. Sai ka kunna fawar a gefe, ka rataya mata ƙwan fitilar mota guda biyu don ta ji nauyi, tunda wasu ba sa fara ƙara sai suna aiki. Ka sake zagayawa. Idan allon sigina ya ɗaga ko gurnani ya bayyana, ka san daga ina yake. Bayan haka ka haɗa rediyon da fawar kanta, ka cire eriya. Ƙarar da ta rage bayan cire eriya ta wayar bolt 13.8 take shigowa. Wadda ta ɓace kuwa, wayoyin gidan ne suke watsa ta eriya tana kamawa. Sanin wannan yana nuna maka inda za ka sa magani: zoben ferait irin FT240-31, a naɗa wayar a cikinsa sau da yawa, dab da jikin fawar. Yana rage ƙarar fawa mai ɗan dama-dama sosai. Wadda aka cire wa matattara tun daga masana'anta, ba na ɓata zobe a kanta. Wasu, irin Alinco DM-330MV, suna da maɓallin da ke gusar da ƙarar daga mitar da kake kai. Yana da amfani, sai dai matsar da ita yake yi, tana nan a wani wurin. Idan mai kaya ya ƙi yarda a gwada ko a dawo da ita, ni dai ba na saya.

Lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali ma tana yaudarar mutane. Astron RS-35 da na ambata, 35 ɗin na ɗan lokaci ne, abin da take ɗauka ba tsayawa amfiya 25 ne, kuma kamfanin ya faɗi haka a fili. Masu araha ba sa faɗa. Ka nemi lambar aiki ba tsayawa, kada ta gaza 25 ga rediyon wat 100. Wannan ya ƙara muhimmanci tun da tsarin sadarwa na FT8 ya fito a 2017, domin a wannan tsari rediyo yana watsawa kusan daƙiƙa 13 a jere, ya huta, ya sake, ana iya kwana ana yi. Ga kuma zafinmu. Fawar da aka auna a ɗaki mai sanyi ba za ta ba da wannan ƙarfin ba a Kano ko Maraɗi cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ka bar mata sarari ta sha iska, ka hure ƙurar hunturu daga fankarta kafin bazara ta shigo.

Akwai wani ɗan maɓalli a bayan fawa da yawa, an rubuta 115 da 230. Wadda aka sayo daga Amurka a kan 115 take zuwa. Ka cusa ta a soket ɗinmu haka, ƙara ɗaya za ka ji da hayaƙi. A duba shi kafin a taɓa soket. A ganina wadda aka rubuta tana karɓar 100 zuwa 240 da kanta ta fi dacewa da mu, saboda wutar NEPA da ke faɗuwa da yamma da kuma ƙananan janareto. A nan suwicin ta fi mai taransifoma, wadda da wuta ta yi ƙasa sai ta fara sa gunji a muryarka.

Ka tambaya ko tana da kariyar da ke yanke wuta idan bolt ya haura. Duk fawa tana iya lalacewa, abin tambaya shi ne ko za ta tafi ita kaɗai ko za ta ja rediyon. Idan tana da maɓallin ƙara bolt a gaba, ka tsayar da shi a 13.8 ka manne shi, musamman a gidan da yara ke shiga ɗakin.

Gidajenmu da yawa soket ɗinsu ba shi da wayar ƙasa. Kafasitocin tacewa a cikin suwicin suna zubar da ɗan abin da suka tace ta wannan waya, idan babu ita sai ya taru a jikin akwati. Shi ya sa wani zai ce rediyonsa yana ɗan jan sa a leɓe idan ya kusanci makirufo. A kira mai aikin wuta ya kafa ƙarfen ƙasa na gaske. Tacewar ma ba ta cika aiki sai da shi.

Wayar da ke tsakanin fawa da rediyo ta zama gajera mai kauri, bakunanta a ɗaure tam. Sako-sakon da ya kai kashi 5 cikin ɗari na om ɗaya yana cinye bolt guda cur a amfiya 20. Ka auna a bayan rediyon lokacin da kake watsawa, domin allon fawar abin da ke bakinta kawai yake nuna maka.

Wanda yake da sola a gida yana da wata hanyar: batirin litiyam irin LiFePO4 mai bolt 12.8 yana ɗaukar rediyo kai tsaye, ba ƙara ko kaɗan. Sai dai inbata da na'urar cajin sola su ma yankan wuta suke yi, don haka a yi musu gwajin kunnen nan, a kashe su ɗaya bayan ɗaya ana saurare.

Ga masu son buɗe fawa su duba matattarar da idonsu, ina roƙonku ku yi hattara. Manyan kafasitocin ciki suna iya riƙe bolt sama da 300 bayan an zare ta daga soket. A jira, a auna da mita, a sauke wutar ta cikin resista kafin hannu ya shiga. Wanda bai saba ba ya kai wa mai gyara su buɗe tare.