Amsar Tambaya: Windows Ta Ƙi Sabuntawa

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu a Agege, kwamfutata kuwa kullum ta fara sabunta Windows sai ta tsaya, ta nuna 0x80072EFD. Ina mafita?

Amsa: Ya ɗan'uwa, wannan lamba alama ce cewa na'urarka ta kasa saduwa da Microsoft, kuma galibi illar tana ga katangar tsaro, wato fayawal, wadda aka ɗora wa amanar tsare ƙofofi, amma idan aka tsananta ƙa'idojinta, ko aka haɗa ta da wata manhajar riga-kafi, sai ta toshe ƙofa ta 80 da ta 443, alhali ta nan sabuntawa ke shigowa. Saboda haka, kafin ka ɗauki na'ura zuwa Computer Village a Ikeja, ka fara tabbatar da ingancin kwanan wata da agogonta, sa'an nan ka cire riga-kafin da ya zama ƙari, ka mayar da Windows Defender Firewall bisa saitinta na asali, ka sake jarrabawa. Kada ka bar katangar a kashe, domin maganin da ya fi cuta illa ba magani ba ne. Allah Ya sa a dace.