Kallon Zane da Karatun Waƙa: Darasi daga Faɗuwar Ikarus

Mu ɗaliban adabi mun saba da kalmar zayyana, wato yadda mawaƙi ke zana hoto da kalmomi har mai saurare ya ga abin a zuciyarsa. Sai dai da yawanmu haddace ma'anar kawai muka yi saboda jarrabawa. Da an miƙo mana waƙa sai mu yi wuf mu ce ga jigo, ga salo, ga amsa-amo, alhali ko sau biyu ba mu karanta ta ba. Wannan gaggawa ba ta tsaya a kanmu ba. Wani bincike da aka buga a 2001 ya gano cewa masu ziyarar gidan adana zane-zane na Metropolitan da ke New York a matsakaici kimanin daƙiƙa 27 kawai suke yi a gaban zane ɗaya. Don haka a wannan ɗan darasi za mu ɗauki zane ɗaya da waƙoƙi biyu, mu bi su a hankali.

Zanen yana birnin Brasels na ƙasar Beljiyam. An daɗe ana jingina shi ga Pieter Bruegel Babba, wanda ya rasu a 1569, amma bayan binciken da aka yi masa a 1996 masana da dama sun karkata ga cewa kwafi ne na wani aikinsa da ya ɓace. Labarin kuwa daga tatsuniyoyin Girkawa ne. Dedalus ya haɗa wa kansa da ɗansa Ikarus fukafukai da gashin tsuntsu da kakin zuma domin su tsere daga tsibirin Kirit. Ya gargaɗi yaron kada ya kusanci rana. Yaro bai ji ba, kaki ya narke, ya faɗa teku.

To, ya kai mai karatu, nemo hoton zanen a intanet, ka ajiye biro, ka ba shi minti goma. Abin da zai fara cika maka ido shi ne manomi mai jar riga yana huɗa da doki, kansa a sunkuye. Ƙasa da shi ga makiyayi da tumakinsa, ya dogara da sanda yana kallon sama. Ga masunci a bakin ruwa, ga jirgin ruwa iska ta cika masa filafilai. Ina Ikarus? Ni kam na kai minti uku ina lalube kafin na ga wasu ƙafafu biyu suna shure-shure a cikin ruwa, can ƙasa ta hannun dama, kusa da jirgin. Iyakar rabon mai labarin ke nan a zanen. Mawaƙin Rumawa Ovid, wanda ya ba da labarin, ya ce masunci da makiyayi da manomi sun ɗaga kai cikin mamaki da suka ga mutane na tashi. Mai zanen ya kawo su duka ukun, amma babu wanda ya juyo wajen yaron. Ka kuma lura da rana: tana can ƙasa dab da ruwa. Yaya aka yi ta narkar da kakin? Mai daƙiƙa 27 ba zai taɓa yin wannan tambaya ba.

W. H. Auden ya ga zanen a Disambar 1938, ya rubuta "Musée des Beaux Arts". Layuka 21 ne, kuma sai a takwas na ƙarshe Ikarus ya shigo. Layukan dogaye ne kamar hira, amsa-amon a ɓoye, sai ka karanta a bayyane kafin kunnenka ya kama shi. Jigonta shi ne yadda masifa ke afka wa wani yayin da sauran jama'a ke ci gaba da harkokinsu. A tuna cewa Auden ya je Sifen a 1937 da Sin a 1938, duka ana tsakiyar yaƙi, kuma wata guda kafin waƙar aka ƙone majami'un Yahudawa a Jamus. Wanda ya san wannan ba zai karanta ta a matsayin sharhin zane kawai ba.

William Carlos Williams ya bi wata hanya a littafinsa na 1962, Pictures from Brueghel. Layukansa gajeru ne, uku-uku, babu aya babu waƙafi. Idonka na gangarowa kamar mai faɗuwa, nutsewar yaron kuma sai a layin ƙarshe. A ganina shi ya fi kusa da zanen, domin Auden ya gaya mana abin da za mu fahimta, Williams kuwa ya sa mu lalube kamar yadda mai zanen ya sa mu.

Ga aikin da za ka gwada kafin lacca ta gaba. Ɗauki waƙar da ake feɗewa a ajinku, ka karanta ta a bayyane sau uku ba tare da ka rubuta komai ba. Sannan ka tambayi kanka: da zane ce, wa ke tsaye a gaba da jar riga, wa kuma aka tura lungu sai ƙafafunsa ake gani? Rubuta amsar da lambar baitin, ka zo da ita mu gwama da ta abokin zamanka.