Tsakanin Shakka da Waswasi: Ma'anar “Beyond Reasonable Doubt” a Bakin Tafintan Kotu

Kalmomin Ingilishi uku, “beyond reasonable doubt”, su ne mizanin da ake auna hujja da shi a shari'ar manyan laifuka a Nijeriya. Sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya wajabta wa mai gabatar da ƙara ya tabbatar da laifi har zuwa wannan matsayi, saɓanin shari'ar bashi ko gona, inda sashe na 134 ya wadatu da rinjayen hujja. Da yake Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin samun tafinta kyauta, manomin Kebbe ko makiyayin Dogon Daji a ƙasar Tambuwal da ya gurfana gaban majistare ba ya jin wannan mizani sai ta bakin tafinta.

Fassarar da aka fi ji a rediyo da jaridu ita ce “ba tare da wata shakka ba”. Tana da daɗin faɗa, amma ta zubar da kalmar tsakiya, alhali kuwa a kanta nauyin yake. Ingilishin bai nemi a kawar da kowace shakka ba. Abin da ya nema shi ne a kawar da shakkar da mai hankali zai iya kafa wa dalili. Mai shari'a Denning ya fayyace haka a Ingila a 1947, a shari'ar Miller da Ministan Fansho, inda ya nuna cewa inuwar shakka kawai ba ta isa a saki mai laifi ba.

Hausa ba ta rasa kayan aikin wannan rarrabewa ba. Waswasi shakka ce marar tushe, wadda zuciya ke ƙirƙira wa kanta. Malaman fiƙihu ma kan umurci mai yawan waswasi a salla ya yi watsi da shi. Kokwanto kuwa rashin natsuwa ne tsakanin abu biyu. Zato yana ƙasa da yaƙini, ko da ya yi rinjaye. Sai shubuha, wadda ta fi su kusa da manufa, domin a fiƙihun Malikiyya da kotunan Shari'a na Jihar Sakkwato ke bi, ita ke tunkuɗe haddi. Sai dai shubuha ta fi faɗi: tana iya shafar hukuncin aikin kansa, kamar wanda ya ɗauki dukiyar da yake zaton yana da haƙƙi a cikinta, ba ƙarfin shaida kaɗai ba. Saboda haka ba ta dace ta maye gurbin kalmar Ingilishin kai tsaye ba.

A ɗauka an tuhumi wani da satar saniya, shaida ya tsaya ya ce da Sakkwatanci, “Na ganai da idona.” Ga Bahaushe magana ta ƙare, tunda gani ya kori ji. Ga kotu kuwa yanzu aka fara. Idan ta bayyana cewa ganin ya faru ne da tsakar dare, babu farin wata, daga nesa, kuma akwai tsohuwar gaba tsakanin shaidan da wanda ake tuhuma, wannan shakka ce mai tushe. Idan lauya ya ce wataƙila aljani ne ya ɗauki kamannin mutumin, wannan waswasi ne.

Illar fassarar da ta ɓace tana bayyana ne bayan hukunci. Mai saniya da ya ji an ce akwai “shakka” alhali shaidarsa ya rantse, yakan ɗauka an ƙaryata shi ko an sayi alƙali, kuma irin wannan zargi kan tura mutane ɗaukar doka a hannunsu. Da tafinta zai ce “hujjar da ta kawar da duk wata shakka mai tushe”, da ya tsawaita magana da kalmomi biyu, amma da ya bar wa mai sauraro hanyar tambayar mene ne tushen.